Lissafin kujerun majalisar Jamus: inda aikin ya kwana

17 ga Disamba, 2024

To jama'a na ɗauko wani aiki, kuma na ga gara in dinga rubuta inda aka kwana lokaci zuwa lokaci kar ya bi sahun ayyukan da ake farawa da zafi a watsar a hanya. Jadawali nake so in haɗa a Excel wanda in ka zuba masa ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu a zaɓen majalisar dokokin Jamus, wato Bundestag, shi kuma ya fito maka da kujerun kowa, daga baya in rubuta bayanin lissafin yadda ko wanda bai taɓa bin siyasar Jamus ba zai gane.

Abin da ya faru jiya ne ya zaburar dani. Shugaban gwamnati Olaf Scholz ya je gaban majalisa ya nemi ƙuri'ar amincewa, 207 suka ce sun amince, 394 suka ce a'a, 116 suka yi rowar ƙuri'arsu, kuma faɗuwar fa yake nema, da gangan ya je. A Jamus majalisa bata da ikon rusa kanta, shugaban gwamnati ma bai isa ya wayi gari yace a tafi zaɓe ba, sai ya faɗi irin wannan ƙuri'ar sannan ya roƙi shugaban ƙasa ya rusa majalisar cikin kwana 21, daga nan a yi zaɓe cikin kwana 60. Haka Willy Brandt yayi a 1972, Helmut Kohl a 1982, Gerhard Schröder a 2005. Gwamnatin tasa dama tun 6 ga Nuwamba ta watse, ranar da ya kori ministan kuɗi Christian Lindner ita kuma FDP, jam'iyyar Lindner ɗin, ta tattara komatsanta ta fice aka bar SPD ta Scholz da jam'iyyar Greens ba rinjaye, bayan shekara uku ana zaman doya da manja kan kasafin kuɗi da maganar cin bashi. An riga an tsayar da 23 ga Fabrairu a matsayin ranar zaɓe.

Ni ba wanda zai zo na ɗaya bane ya dame ni, kowa ya ga Friedrich Merz da CDU/CSU, wato jam'iyyarsa CDU da ƙawarta CSU, su ne a gaba a ƙuri'un jin ra'ayi, kashi 30 ko sama da haka kaɗan. Na ƙasa nake kallo, FDP da Die Linke da sabuwar jam'iyyar Sahra Wagenknecht wato BSW, su ukun duk suna lilo a kusa da kashi 5 da ake buƙata kafin a shiga majalisa, kuma zato na su ne zasu yanke da wa Merz zai yi mulki.

29 ga Disamba

Shekaranjiya shugaban ƙasa Frank-Walter Steinmeier ya rusa majalisa, magana ta tabbata. Ni kuma na zauna da dokar zaɓen wadda aka yi wa kwaskwarima a 2023, wannan ne karon farko da za'a yi aiki da ita.

Takardar zaɓen gida biyu ce, hagu baƙin rubutu dama shuɗi. A hagu mutum kake zaɓa, ɗan takarar mazaɓarku, mazaɓun 299 ne kuma wanda ya fi yawa shi ya ci ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce. A dama jam'iyya kake dangwala wa, wannan ita ce ƙuri'a ta biyu kuma ita ce mai gayya mai aiki, don da ita ake raba kujerun majalisar gaba ɗaya. Kana iya ba ɗan takarar wata jam'iyya hagu ka ba wata jam'iyyar daban dama, ba wanda zai ce maka don me.

Inda tsohon tsarin ya dinga kumbura shine in jam'iyya ta ci mazaɓu fiye da abin da ƙuri'arta ta biyu ta bata, ba'a ƙwace mata rarar, sai dai a ƙara wa sauran jam'iyyu kujeru har lissafi ya daidaita. Ɗauki CSU, wadda a jihar Bavariya kaɗai take takara, a 2021 ta lashe mazaɓu 45 cikin 46 na jihar alhali ƙuri'arta ta biyu a can kashi 31.7 ce kawai, to dole a yi ta cika wa kowa. Majalisar da doka tace 598 ta zama 631 a 2013, ta zama 709 a 2017, ta kai 736 a 2021, kai har ta fi majalisar wakilan Indiya mai kujeru 543 yawa, ƙasar da mutanenta sun haura biliyan ɗaya.

Sabuwar doka tace 630, ba ƙari ba ragi. In jam'iyya ta ci mazaɓu goma a wata jiha amma kasonta kujera takwas ne, sai a jera waɗanda suka ci ɗin daga mai kaso mafi yawa zuwa ƙasa, biyun ƙarshe su haƙura su zauna a gida. Ka ci zaɓe amma baka da kujera kenan. Wajen lissafi wannan ya sauƙaƙa min aiki ƙwarai, tunda adadin a tsaye yake, amma ina hango rigimar da zai haifar ranar da aka fara kiran sunaye.

5 ga Janairu, 2025

Shafin farko ya tashi, yana aiki.

Hanyar rabon sunanta Sainte-Laguë, kuma mafi sauƙin yadda zan kwatanta ta shine mudu. Ka tara ƙuri'un duk jam'iyyun da suka cancanci shiga rabo ka raba gida 630, abin da ya fito shine mudun kujera ɗaya. Sai ka auna ƙuri'un kowace jam'iyya da shi, in ragowar ta kai rabin mudu a cika mata kujera, in bata kai ba a zubar. In ka tara kujerun suka wuce 630 sai ka ɗan ƙara girman mudun, in basu kai ba ka rage, har ya zauna daidai. Shikenan fa. Na sa Excel ɗin ya dinga matsar da mudun da kansa.

Ga ƙaramin misalin da na ƙirƙira na gwada da shi, kujera 10, ƙuri'a 10,000, jam'iyyu uku, ta farko 5,400 ta biyu 3,000 ta uku 1,600. Mudu 1,000 kenan, ta farko ta samu 5, ta biyu 3, ta uku da take da mudu ɗaya da fiye da rabi aka cika mata 2. Da na bi da waɗannan ƙuri'un ta ɗaya hanyar, ta D'Hondt wadda Jamus ɗin ma tayi amfani da ita har zaɓen 1983, sai rabon ya koma 6, 3, 1. Ko mutum ɗaya bai canza ra'ayi ba amma kujera ta tashi daga hannun ƙarama ta koma hannun babba. Tun 2009 Jamus ke kan Sainte-Laguë.

Na ƙara wani ɗan shafi a gefe na zaɓen Birtaniya na Yulin bara don kwatance, can kam mazaɓa ce kawai ba rabon kaso. Labour da kashi 33.7 ta kwashe kujeru sama da 400 cikin 650, Reform UK da kashi 14.3 ta tashi da 5, ita kuma Liberal Democrats da bata kai Reform ƙuri'a ba ta samu 72. Duk mai cewa tsarin Jamus ya cika rikitarwa ya kalli wannan tukuna, ni dai na gwammace rikitarwar.

19 ga Janairu

Satin nan shingen kashi 5 na saka, kuma nan ne aikin ya fara daɗi. Jam'iyyar da bata kai kashi 5 na ƙuri'a ta biyu a faɗin ƙasa ba ko rabon ba'a sa ta, ƙuri'unta a gefe ake ajiye su. Tun 1953 ake haka a matakin ƙasa, saboda abin da suka gani zamanin Weimar, wato jamhuriyar da aka yi kafin Hitler, majalisa cike da ƙananan jam'iyyu gwamnati bata daɗewa.

Amma akwai ƙofofi biyu ta baya. Ɗaya ta jam'iyyun ƙananan ƙabilu ce, shingen bai shafe su ba, shi yasa SSW ta 'yan asalin Denmak da ke arewacin ƙasar take da kujera ɗaya. Ɗayar kuma in ka ci mazaɓu uku to ka shiga rabo da duk abin da ka samu. Da ita Die Linke ta sha a 2021, kashi 4.9 ta samu, da tuni an yi waje da ita, amma mazaɓu biyu a Berlin da ɗaya a Leipzig suka jawo mata kujera 39. Gwamnatin Scholz ta so toshe wannan ƙofar a dokar 2023, ita ma CSU hankalinta ya tashi don kashi 5.2 ta samu a ƙasa baki ɗaya a 2021, da ta ɗan zame ƙasa da 5 sai ta rasa komai duk da mazaɓu 45 ɗin nan. Aka tafi kotun tsarin mulki a Karlsruhe, ranar 30 ga Yulin 2024 kotu ta bar 630 ɗin yadda take amma tace maganar mazaɓu uku ta cigaba da aiki har sai an sake doka. To yanzu Die Linke ta fito da dattawanta uku, Gregor Gysi da Bodo Ramelow da Dietmar Bartsch, wai kowa ya ci mazaɓarsa a shiga ta nan.

Na yi wa kowace ƙaramar jam'iyya maɓalli, ka kunna ta shiga ka kashe ta fita. Wallahi abin kallo ne. Ka bar manyan yadda suke kar ka taɓa su, in ukun nan duk suka faɗi waje CDU/CSU da SPD suna da rinjaye har da rara, in ɗaya ta shiga abin ya zama sha da ƙyar, in biyu suka shiga to sai an nemo ta uku. Kowace ƙarama da ta tsallake kujera talatin da wani abu take yagowa daga jikin kowa. Rinjaye 316 ne.

3 ga Fabrairu

Kwanakin nan ban taɓa fomula ba, labarai suka ɗauke min hankali. Bayan harin wuƙa na Aschaffenburg ranar 22 ga Janairu inda aka kashe yaro ɗan shekara biyu da wani magidanci, Merz ya kawo ƙudurin tsaurara shige da fice yace baya duba wa zai mara masa baya. Ranar Laraba 29 ga wata ƙudurin ya wuce da 'yar tazara kuma da ƙuri'un AfD, jam'iyyar masu tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi, ya wuce, abin da manyan jam'iyyu suka daɗe suna rantsuwar ba zasu yarda ya faru ba. Washegari tsohuwar shugabar gwamnati Angela Merkel da bata cika magana ba tun da ta sauka ta fito tace ba daidai yayi ba, shugaban jam'iyyarta fa. Ranar Juma'a da aka kawo ainihin dokar sai ta faɗi, 338 suka goyi baya, masu adawa suka ɗara su da goma sha wani abu, wasu 'yan CDU da 'yan FDP da dama suka ƙi kaɗa ƙuri'a. Jiya a Berlin 'yan sanda sun ce mutum 160,000 suka fito zanga-zanga.

Abin da ya shafi aikina a nan shine shafin ƙawance. Lissafi zai nuna maka CDU/CSU da AfD suna da rinjaye cikin sauƙi, amma Merz yana ta nanata ba zai kafa gwamnati da su ba, Markus Söder na CSU kuma yace shi da Greens haihata-haihata. Don haka na raba shafin biyu, ƙawancen da lissafi ya yarda da shi, da wanda 'yan siyasar suka ce zasu iya. Na biyun gajere ne ƙwarai, kusan layi ɗaya ne, CDU/CSU da SPD.

Sai Die Linke da ake cewa ta mutu, jawabin da 'yar majalisarta Heidi Reichinnek ta yi wa Merz a majalisa yana ta yawo a TikTok, matasa na ta shiga jam'iyyar. Da alama ba sai dattawan sun ɗauke ta ba.

12 ga Fabrairu

Mataki na biyu na gama, wato bayan jam'iyya ta san kujerunta na ƙasa sai a sake raba mata su tsakanin jihohi 16 da irin wancan awon, ko wace jam'iyya da nata mudun. Aiki ne mai cin rai ba wani abin burgewa, layi kan layi. Jam'iyyu 29 ne a takara amma ba kowacce ke kowace jiha ba, ƙananan sun sha wuya wajen tara sa hannun da doka ke nema cikin ɗan lokacin nan. Masu zaɓe ta gidan waya ma kusan sati biyu kawai suke da shi, Jamusawa mazauna waje sama da 200,000 da suka yi rajista suna ta ƙorafin takardun basu iso ba.

23 ga Fabrairu, da dare

Ƙarfe 6 na yamma agogon Jamus aka rufe rumfuna, a take gidajen talabijin biyu na gwamnati suka saki hasashensu, kuma kamar don ni suka yi. ARD tace FDP 4.9, BSW 4.7, duka a waje. ZDF tace FDP 5, BSW 5, duka a ciki. A sama kuwa kusan bakinsu ɗaya, in ka haɗa CDU/CSU da SPD kashi 45 ne a wajen kowannensu.

Na buɗe fayil ɗin gida biyu na zuba na ARD a hagu na ZDF a dama. Na hagu ya ba Merz da SPD kujera 320 da ɗoriya, gwamnati ta kafu. Na dama ya basu ƙasa da 300, layin ya koma ja, sai an kira Greens ɗin da Söder yace baya so. Kashi 45 ɗin nan dai ita ce bata motsa ba. Ana ta nuna Merz a hedikwatar jam'iyya ana tafi, ni kuwa idona na kan layuka biyun can ƙasa.

Zuwa can dare FDP ta fara zamewa, 4.7, 4.5, Lindner yace in sun fita ya bar siyasa. BSW ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wannan yace 4.9 wancan yace 5.0, kuma ba'a san ta ba sai an ƙirga mazaɓa ta ƙarshe. Zan kwanta in bar kwamfutar a kunne.

24 ga Fabrairu

Sakamakon wucin gadi ya fito da asuba. CDU/CSU kashi 28.5 kujera 208, a ciki CDU 164 CSU 44. AfD 20.8 kujera 152, ta ninka abin da ta samu a 2021, kuma ita ce ta ɗaya a duk jihohi biyar na gabas. SPD 16.4 kujera 120, bata taɓa faɗuwa haka ba tun bayan yaƙin duniya na biyu. Greens 11.6 kujera 85. Die Linke 8.8 kujera 64, ta ƙofar gaba ta shiga, mazaɓu ma shida ta ci. SSW ɗaya. FDP 4.3, waje. Fitowar jama'a kashi 82.5, rabon da a ga haka tun kafin haɗewar Jamus a 1990.

Na zuba ainihin ƙuri'un, jadawali ya fitar da 164, 152, 120, 85, 64, 44, 1, daidai da na hukuma, alhamdulillah. Mudun ya tsaya wajen ƙuri'a 68,000 ko wace kujera.

BSW kuwa ta leƙo ta koma, kashi 4.97. Ƙuri'a wajen 13,400 ta rasa, a zaɓen da mutum kusan miliyan 50 suka kaɗa, ko kashi ɗaya cikin biyar na mudu guda bai wuce ba. Mutum miliyan biyu da kusan rabi suka zaɓe ta basu da ko kujera ɗaya, SSW da 76,000 tana da tata. Na kunna maɓallin BSW don in ga da ta shiga me zai faru, ta samu 34, CDU/CSU da SPD suka sauko daga 328 zuwa 310, shida ƙasa da rinjaye. Ma'ana gwamnatin da ake shirin kafawa yau, ta jam'iyyun da mutum sama da miliyan 22 suka zaɓa, a kan waɗannan 13,400 ɗin take tsaye. Kuma ka tuna da mazauna wajen da takardunsu basu iso ba.

In ka haɗa BSW da FDP da sauran ƙanana kusan kashi 14 ne na ƙuri'un basu da wakili, mutum wajen miliyan 7. An taɓa yin wanda ya fi haka a 2013 lokacin da FDP ta samu 4.8 AfD 4.7 duka suka faɗi. Ni ban ce a cire shingen ba, na ga amfaninsa, Holan da bata da irin sa majalisarta mai kujera 150 jam'iyyu goma sha biyar ne a ciki kuma sai a yi wata da watanni ba'a kafa gwamnati ba. Amma a daina cewa tsarin nan kowace ƙuri'a tana da nauyi ɗaya, na wanda ya zaɓi mai 4.97 bai kai na wanda ya zaɓi mai 5.01 ba, ko kusa.

2 ga Maris

Rigimar da na hango a Disamba ta iso. Mutum 23 suka ci mazaɓunsu basu samu kujera ba, 15 'yan CDU, 4 'yan AfD, 3 'yan CSU, ɗaya ɗan SPD ko ince 'yar SPD. Jadawalina ya fitar da su da jan layi, kuma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya zaka ga yawanci birane ne ko wuraren da aka fafata sosai, inda mutum zai ci da kashi ashirin da wani abu saboda 'yan takara huɗu ko biyar kowa da ƙarfinsa. Wanda ke mazaɓar ƙauye da jam'iyyarsa ta gada kaka da kakanni yana samun arba'in da ɗoriya ya wuce abinsa ko gumi bai yi ba, wanda ya sha wuya ya ƙwato birni daga hannun abokan hamayya shi ake bari a ƙofa. Wannan a gani na shine babban aibin dokar.

Wanda ya fi tsaya min shine na Flensburg, can arewa kan iyaka da Denmak. Petra Nicolaisen ta CDU ta kayar da Robert Habeck, mataimakin shugaban gwamnati kuma ɗan takarar Greens, a mazaɓar da ya ci a 2021. Amma CDU ta ci mazaɓu a jihar fiye da kasonta, ita ce mai ƙaramin kaso a cikinsu, aka ce ta haƙura. Shi kuma Habeck da ya sha kaye sunansa na sama a jerin sunayen da jam'iyyarsa ke cike kujerun kasonta da shi, ya shige majalisa. Yaya zaka yi wa mai zaɓe bayanin wannan ya gamsu? A Bavariya CSU ta share mazaɓu 47 duka amma 44 aka bata, na Augsburg na cikin waɗanda suka rasa. Har akwai mazaɓun da ba su da ɗan majalisa ko ɗaya daga kowace jam'iyya, irin su Darmstadt da Tübingen.

Masu kare dokar suna cewa ai kujera 106 aka rage daga 736, kuma ko wace jam'iyya ta samu daidai kasonta, gaskiya ne. Abu uku ake so a lokaci ɗaya, majalisa kar ta kumbura, rabo ya bi kaso, duk wanda ya ci mazaɓa ya shiga, kuma na juya lissafin ta ko'ina da mazaɓu 299 ukun basa haɗuwa sai ɗaya ya ba da hanya. In ana son ukun sai dai a rage yawan mazaɓun su ƙara girma.

19 ga Maris

Ranar 14 ga wata aka bada sakamakon ƙarshe. An tsinto wa BSW wasu dubban ƙuri'u, wasu ashe an rubuta su a layin wata 'yar ƙaramar jam'iyya mai suna kusan irin nata, Bündnis Deutschland, ta koma 4.98, saura wajen 9,500. Kujeru basu canza ba. Ta je Karlsruhe neman a sake ƙirge cikin gaggawa kotu ta ƙi, tace a bi hanyar da aka saba, wato a kai ƙorafi gaban sabuwar majalisa tukuna. Majalisar da in an sake ƙirgen wasu 34 daga cikinta zasu iya rasa kujerunsu ita zata fara duba ƙarar, to Allah ya kyauta.

Na ƙara layin kashi biyu cikin uku, wanda ake buƙata kafin a taɓa kundin tsarin mulki, 420 kenan. CDU/CSU da SPD da Greens gaba ɗaya 413 suke a sabuwar majalisa, AfD da Die Linke 216, sun isa su tare hanya. Shi yasa jiya aka kira tsohuwar majalisa, wadda aka rusa tun Disamba amma doka tace tana nan har sabuwa ta zauna, aka gyara dokar taƙaita cin bashi, kuɗin tsaro da ya haura kashi 1 na arziƙin ƙasa aka cire shi daga ƙaidi, aka kafa asusun yuro biliyan 500 na gyaran hanyoyi da jiragen ƙasa da sauransu, biliyan 100 a ciki na sauyin yanayi don Greens su yarda. Ana neman 489 aka samu sama da 500. Kotu tace ya halatta. Ya halatta ɗin, amma Merz ɗin nan da bakinsa ya gama kamfen yana cewa ba ruwansa da sabon bashi, kuma 'yan majalisar da aka kayar wata guda da ya wuce su suka kaɗa.

7 ga Mayu

An daɗe ba'a haɗu ba. Sabuwar majalisa ta zauna 25 ga Maris, yarjejeniyar ƙawance ta fito 9 ga Afrilu, 'yan SPD suka amince da ita a ƙarshen wata.

Jiya kuma aka yi abin da ba'a taɓa yi ba a tarihin tarayyar. Merz na neman ƙuri'a 316 a majalisa don ya zama shugaban gwamnati, ƙawancensa na da 328, aka ƙirga ya samu 310. A asirce ake kaɗa wannan ƙuri'ar, har yanzu ba wanda ya san su waye suka noƙe, kowane ɓangare na nuna ɗaya da yatsa. Kafin a sake zagaye na biyu a ranar sai da aka nemi kashi biyu cikin uku don kauce wa ƙa'idar zaman majalisa, dole CDU ta je ta nemi Greens da Die Linke, Die Linke ɗin da jam'iyyar ke da ƙudurin ba zata yi hulɗa da ita ba. Da yamma ya samu 325 aka rantsar da shi. Wannan kam ba shi da gurbi a Excel.

Abin da ya rage min, BSW ta shigar da ƙorafinta a majalisa cikin Afrilu, don haka ina so in gangara da lissafin in-da-ta-shiga har matakin jihohi a ga takamaimai kujerun waɗanne jihohi ne zasu tashi. Yarjejeniyar ƙawancen kuma tace za'a kafa kwamiti ya sake duba dokar zaɓen yadda duk wanda ya ci mazaɓa zai shiga, in sun fito da wani abu sai na gwada shi da ƙuri'un Fabrairu. Bayanin Hausar na rubuta kashi na ƙuri'u biyu da na mudu, saura na shinge da na jihohi, na jihohin ne nake ta ja da baya don har yanzu ban samo misalin da zai shiga shafi ɗaya ba.